Malam Ya Sayi Babur Bayan Ya Ba Arba'in Baya

A garin Doma, wanda ke kudu maso yamma da Lafiya, tafiyar kilomita ashirin da 'yan kai, akwai wani malamin makarantar firamare wanda ya shekara arba'in da ɗaya a duniya bai taɓa kama kan babur da hannunsa ba. Wanda bai san Doma ba zai ce wannan ai bai isa labari ba. Amma a garin da yaro ɗan shekara goma sha uku ke ɗauko buhun rogo daga gona a kan mashin, alhali ƙafarsa ko ƙasa ba ta kaiwa sosai, a ce ga magidanci mai 'ya'ya huɗu, mai koyar da lissafi, kullum sai dai a goya shi kamar kayan niƙa, to, magana ce da ake yi da murya ƙasa-ƙasa. Shi kansa Malam ya daɗe da ƙwarewa wajen rufa wa kansa asiri. In an miƙa masa makulli a wurin biki ko suna aka ce ya je ya ɗauko wane, sai ya ce idonsa ba ya son iska.

Asirin ya tonu ne a cikin shekarar 2024, sa'ad da aka yi masa canjin wurin aiki daga cikin gari zuwa wata 'yar makarantar ƙauye da ke ta wajen hanyar Rukubi, inda sai mutum ya bar babbar hanya ya shiga burji, ya bar burji ya bi turbar manoma, sa'an nan ya hango rufin makaranta. Canjin kuwa ya zo a mugun lokaci. Tun ran 29 ga watan Mayu na 2023, da Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya ce an janye tallafin man fetur, kuɗin hawa ya yi ta tashi, har ya zuwa watan Oktoba na 2024 lita guda ta haura Naira 1,000 a wurare da yawa. 'Yan acaɓa ba su da laifi, yadda suka saya haka suke sayarwa. Malam ya ɗauki biro da takarda ya lissafa zuwa da komowa na kwana biyar a mako, sai ya ga kusan sulusin albashinsa a aljihun masu mashin yake kwana. Bugu da ƙari, ran da aka wayi gari da ruwa ba mai yarda ya shiga wannan turba, sai ya yi ta tsayuwa a bakin tasha har hantsi ya dubi ludayi, yara na can suna wasan ƙasa a aji.

Mai karatu zai so ya ji dalilin da ya sa ɗan Doma ya kai wannan shekaru bai koya ba. Mahaifinsa, Allah Ya jiƙansa, shi ma malamin makaranta ne, tun Doma tana cikin Jihar Binuwai da Filato. A farkon 1975, da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta biya ma'aikata ƙarin albashin nan da ake kira Udoji, har da ariyas, ya tafi Jos ya komo da Honda Benly sabuwa fil, aka yi ta zuwa gani. A wancan zamani babur alamar muƙami ce, abin hawan malamin makaranta da malamin gona da malamin asibiti da akawun kotu, ba wanda ke neman abinci da shi. Shekara goma sha ɗaya yana hawa lafiya lau. Sai aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, darajar Naira ta zube, kayan gyara suka fi ƙarfin albashin malami. Aka jingine babur a zaure da niyyar sai wata ya yi, wata ya yi, ya wuce, wani ya biyo shi. Malam ya buɗe ido ne ya tarar da shi tayoyi a sace, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsa. Da keke ya girma, da keke ya yi karatu, kuma da yake duk aikinsa a cikin gari ya yi shi, keken ya ishe shi. Kafin ya farga shekarun da ake koyo ba kunya sun wuce shi.

Samun kuɗin ma wani yaƙi ne. A shekarar 2024 sabon babur na ɗaukar kaya ya haura Naira miliyan guda, alhali mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yulin wannan shekara Naira 70,000 ne. Watau ƙaramin ma'aikaci sai ya yi wata goma sha huɗu da ɗoriya bai ci ba bai sha ba. Abin da ya ceci Malam riɗi ne. Doma ƙasar riɗi ce, in kaka ta yi manyan motoci ke kwasarsa zuwa Kano da Ikko, kuma kusan kowane ma'aikaci a garin yana da 'yar gonar da ke toshe ramin da albashi ya bari. Ya sayar da abin da ya noma kaf, ya haɗa da ɗaukar adashen malamai da ta zo kansa a watan Disamba, uwargida kuma ta sayar da akuya biyu ta ɗora a kai, ta ce rance ne ba kyauta ba. Da aka ƙirga, kuɗin sun yi wa sabo kaɗan, sun yi wa tsoho yawa. A wannan rata ce masu ba da shawara suka samu wurin zama.

Wanda duk ya taɓa cewa zai sayi babur ya san ba abin da ya fi shawara araha. Abokan aikinsa suka ce ya sayi roba-roba, tun da shi ɗan koyo ne. Suna da hujja. Irin wannan mashin ba shi da kulochi na hannu, mutum ya taka giya ya murɗa totur kawai, ga sauƙin nauyi, ga ƙarancin shan mai. Jikan Super Cub ne wanda kamfanin Honda na Japan ya fito da shi a 1958, wanda ya zuwa 2017 an ƙera fiye da miliyan 100 nasa, ba wani abin hawa mai inji da ya kama ƙafarsa a yawa. Sai dai cikinsa kusa da ƙasa yake, hanyar makarantar Malam kuwa duk kwari ce da saiwoyi. Wani ƙanen matarsa ya kawo tallan tsohon Jincheng, irin wanda aka kwaikwaya daga Suzuki AX100, wanda ya cika titunan Arewa a farkon shekarun 2000, ya ce rabin kuɗi ma ya isa. Shi kuma injinsa irin mai bugu biyu ne, yana ƙone baƙin mai tare da fetur, shi ya sa yake tafe hayaƙi na binsa, kuma a zamanin da lita ta kai dubu, arahar ranar saye sai ta koma tsadar kowace safiya. Zuciyar Malam kuwa, in za a faɗi gaskiya, ba ta kan ko ɗaya daga cikinsu. Akwai wani ƙaton babur baƙi, mai faffaɗan tanki da fitila kamar idon mujiya, da ya gani a wani shago a Lafiya, ana ba da shi biyan kaɗan-kaɗan. Mutumin da aka shekara ashirin ana goyawa yana so ran da ya fara fitowa a juyo a dube shi.

Sai ya tafi wurin wani tsohon bakanike da ke da rumfa a bakin kasuwa, wanda tun yana yaron gareji ya taɓa wanke wa mahaifin Malam fulogi. Tsohon ya saurare shi har ya gama, bai ɗaga kai daga kafiretar da yake hurawa ba. Can ya miƙe ya nufi wani babban mashin da aka kawo gyara, mai kama da wanda Malam ke bege, ya kwantar da shi a ƙasa a hankali.

Ya ce, "Ɗan Malam, zo ka tashe shi."

Malam ya naɗe hannun riga ya kama, ya yi nishi, ya ɗago shi rabi, ya sake shi. Ya sake gwadawa, jijiyar wuya ta fito, sai da yaron gareji ya sa masa hannu.

Tsohon ya ce, "To, ka gani. A nan akwai yaro. A hanyar makarantarku wa zai kama maka? Kuma faɗuwa sai ka yi ta, ba baki na yi maka ba, kowa ya yi."

Malam ya ce, "To, Kawu, wanne ke nan?"

Tsohon ya nuna masa tarin kayan gyara da ke rataye a rumfa, da gawarwakin mashina da ke jibge a baya, ya ce ya duba ya ga irin da ya fi yawa. Boxer ne na kamfanin Bajaj na Indiya, da takwaransa na TVS, masu inji ɗan madaidaici da dogon sirdi, waɗanda suka ture na Sin kamar yadda na Sin suka ture na Japan. Ya ce shi ba ya cewa sun fi kowane kyau, abin da ya sani shi ne in wayar kulochi ta tsinke a Agbashi ko a Rukubi, akwai mai teburin da zai zaro wata, kuma akwai yaron da zai ɗaura ta ko cikin duhu. Wannan magana ta fi duk wadda Malam ya ji a wata guda nauyi, domin dillali yana kwatanta babur a ranar da yake lafiya, bakanike kuwa yana kwatanta shi a ranar da ya kwanta.

Saura batun sabo ko na hannu. Uwargida ta kafe a kan sabo, ko da za a ƙara wata uku ana tari, ta ce ba mai sayar da akuyar da ke ba shi nono. Tsohon bakanike ya ce ɗan koyo da sabon babur kamar yaro ne da farar riga ranar ruwa. Aka yi sa'a wani ma'aikacin lafiya da aka mayar Akwanga yana neman rabuwa da nasa, shekararsa guda da rabi, bai taɓa yin acaɓa ba. Tsohon ya ce a je da sassafe ba tare da an faɗa wa mai shi sa'a ba, don a tarar da injin da sanyinsa, gama inji mai ciwo in ya ɗumama yakan ɓoye ciwonsa. Da suka isa ya fara ɗora tafin hannu a kan injin, sa'an nan ya buga kik sau ɗaya, ya tashi. Ya tsuguna a bayan salansa yana duban launin hayaƙi, ya ce shuɗi shi ne abin gudu, alamar inji na shan baƙin mai. Ya ja sarƙa ya ga iyakar sakinta, ya shafa haƙoran da take bi, ya danna sirdi ya saki don ya ji shokozoba, ya juya tayar gaba a sama ya ga ko tana rawa. Daga ƙarshe ya sa Malam ya karanta lambar inji da ta jikin ƙarfe da ƙarfi, shi kuma mai babur yana bi a rasit, harafi bayan harafi. Satar mashin ta yi yawa a ƙasar nan, kuma wanda aka kama da na sata a hannu, kafin ya gama bayanin inda ya saya ya kwana a bayan kanta. Aka rubuta takardar ciniki gaban shaidu biyu. Wani ne ya tuƙo babur ɗin zuwa gida, mai shi na zaune a baya kamar kullum.

Malamin da ya samu kuwa tsohon ɗalibinsa ne, saurayi ɗan shekara ashirin, ɗan acaɓa, wanda Malam ya taɓa sa shi durƙuso a aji biyar saboda jadawalin bakwai. Suka yi alkawari a filin ƙwallon wata makaranta bayan sallar asuba, kafin gari ya waye a gan su. Yaron ya kasa sakin jiki. In zai ce an yi kuskure sai ya sosa ƙeya ya ce, "Malam, da dai an ɗan ƙara sassautawa." Ranar fari duk a kan kulochi ta ƙare. Kulochi shi ne mai shiga tsakanin inji da taya, in an matse shi ya raba su, in an sake shi ya haɗa su, kuma akwai wani ɗan gurbi a tsakiya, bai fi faɗin yatsa ba, inda babur ke fara jan jiki. Wanda ya saki da sauri, ko dai injin ya mutu ko babur ya yi tsalle kamar ɗan maraƙi. Malam ya kashe inji sau goma sha ɗaya, shi da kansa ya ƙirga. A karo na goma sha biyu babur ya tafi, sai tsoro ya sa ya ƙanƙame hannu, jikinsa ya yi baya, hannun ya ƙara murɗa totur ba da saninsa ba. A duk faɗin filin nan itace ɗaya ne tak, wani mangwaro a kusurwa, shi ya ƙura wa ido yana addu'ar kada ya buge shi, shi ɗin kuwa ya je ya runguma. Babur inda ido ya duba yake bi. Da yake tashi kuma ƙaurinsa ya taɓa salansa, ya samu tambarin da kusan kowane mahayi a Doma ke ɗauke da shi a ƙafar dama.

Ashe asubar ma ba ta ɓoye shi ba. 'Yan mata masu zuwa ɗiban ruwa sun gani, kafin azahar labari ya kai majalisar da yake zama. Ya sha ba'a, ya haɗiye. A kwana na huɗu yana zagaya fili yana canza giya, a na shida ya yi kwana ba tare da ya sa ƙafa ba. Ɗalibin ya tafa masa ya ce an gama, ya ƙara da wasiyya guda wadda shi ma haka aka ba shi: "Malam, don Allah kada a taɓa birkin gaba. Shi ke kayar da mutum. Na ƙafa ya isa."

A nan ya kamata a dakata, domin wannan wasiyya ita ce gadon da 'yan koyo ke karɓa daga Doma har Sakkwato, kuma rabinta gaskiya ne, abin da ya sa take da haɗari ke nan. A kan rairayi ko taɓo, ko a tsakiyar kwana, wanda ya damƙe birkin gaba da ƙarfi tayar za ta zame ya sha ƙasa nan take. Yaran da suka koyi hawa a turbar gona sun ga haka da idonsu, ba ƙarya suke yi ba. Amma a kan kwalta, babur na tafe sosai, da an taɓa birki nauyin mashin da na mahayi duk gaba yake komawa, tayar gaba ta danne ƙasa, ta baya ta yi sakayau. Masu koyar da tuƙi sukan ƙiyasta cewa wajen kashi 70 cikin 100 na ƙarfin tsayawa a gaba yake. Wanda ya dogara da na ƙafa kaɗai ya ajiye mafi yawan birkinsa a gida ke nan, kuma in ya taka shi da firgita tayar baya ta kulle, ta yi ta jan ƙasa tana wutsil-wutsil, babur bai tsaya ba kuma bai miƙe ba. Har akwai masu kwance wayar birkin gaba gaba ɗaya su rataye, wai don kada hannu ya kai. Abin da ake kira koyon babur a garuruwanmu koyon tashi ne da tafiya. Tsayawa an bar wa ranar da ta zo.

Ranar Malam ta zo mako uku bayan haka. Ya kama hanyar Lafiya zai je banki, karonsa na fari a kan doguwar kwalta, iska na kaɗa rigarsa, har ya fara jin ashe abin da ya guje wa shekara da shekaru bai taka kara ya karya ba. A wani ƙauye na bakin hanya an tsayar da babbar mota ana loda doya. Daga bayanta wata yarinya mai tallan gyaɗa ta fito da gudu za ta ƙetare, ba ta fi shekara takwas ba. Malam ya taka birkin ƙafa iyakar ƙarfinsa, yatsunsa na dama na kan totur, ko kusa da birkin hannu ba su je ba. Tayar baya ta yi ƙara ta goce, babur ya juya gefe ya kwanta, ya tafi da shi a ƙasa. Inda ya tsaya da inda yarinyar ta daskare bai fi kamu uku ba. Farantin ya faɗi, gyaɗa ta watse a titi, ita ko ƙwarzane ba ta yi ba. Shi ya ƙuje gwiwa da kafaɗa, ya yi targaɗe a wuyan hannu, kansa kuma ya bugi kwalta.

Abin da ya sa aka ba da labarin da shi a zaune, hular kwano ce. Ya saye ta ne tun ran da ya sayi babur, da sauran canjin da ya rage, aka yi ta yi masa dariya a majalisa ana ce masa ɗan sama jannati. Mutanen ƙasar nan ba su taɓa shiri da wannan hula ba. Ran 1 ga Janairu na 2009, da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya ta fara tilasta sa ta, sai aka ga 'yan acaɓa a birane sun kifa ƙwarya da robar fenti a ka, labari ya kai har ƙasashen waje ana dariya. Wasu na kukan tsada, wasu zafi, wasu kuma suka ce ana sa asiri a ciki. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2018, ta ce hular da aka sa daidai tana rage haɗarin mutuwa da kashi 42 cikin 100, na raunin kai kuma da kashi 69. Ta Malam ta samu wani dogon zane a gefen hagu, fenti ya tashi har farin ciki ya fito. Ya biya kuɗin gyaɗa, ya ba uwar yarinyar haƙuri ita ma tana ba shi, wani direba ya ɗora shi da babur a bayan a-kori-kura aka komo Doma.

Mako biyu babur na jingine a zaure. Ciwon hannu ya warke tun a na fari, amma Malam bai ko dube shi ba. Abin da ke hana shi barci fuskar yarinyar ce, sa'ar 'yan aji uku da yake koya wa tarawa da ɗebewa. Ya koma hawa acaɓa, ya fara tunanin wanda zai saya ko da an yi asara. Uwargida ba ta ce masa kome ba sai wata safiya da take shara, ta tsaya a bakin zaure ta ce, "Malam, kajin nan fa sun fara zagaya shi."

Da yamma ya tura shi da hannu har rumfar tsohon bakanike. Tsohon ya miƙe madubin da ya lanƙwashe, ya saurari yadda aka yi, ya tambaya, "Da wane birki?" Da ya ji amsa sai ya girgiza kai, ya ce gobe a haɗu a wani miƙaƙƙen wuri a bayan gari inda mota ba ta cika bi ba. Can ya ja layi da gawayi, ya ce wa Malam ya taho a giya ta uku, in ya iso layin ya taka na ƙafa kaɗai. Inda ya tsaya aka ajiye dutse. Sa'an nan ya nuna masa yadda ake ɗora yatsu a birkin hannu, a fara matsawa a hankali har a ji gaban babur ya ɗan durƙusa, sa'an nan a ƙara, kamar mai matse lemo, ba kamar mai cafke ɓarawo ba, ƙafa kuma na taimakawa kaɗan, ido na duban gaba. Ya gwada, hannu na rawa. A karo na biyar aka ajiye dutse na biyu. Malamin lissafi ya sauka ya auna da taku, ya ga nisan farko ya kusa ninka na biyu. Ya tsaya tsakanin duwatsun nan biyu ya daɗe bai yi magana ba. Tsohon ya kai shi kuma wurin rairayi ya nuna masa kishiyar haka, inda ake rage gudu tun kafin a shiga, a saki kan babur ya yi 'yar rawarsa, a bar hannun dama ya huta.

Darasin nan bai ci sa'a biyu ba, kuma ba a biya ko kwabo ba, amma sai da aka kusa taka 'yar mutane aka same shi. A Ingila tun 1990 ba a barin ɗan koyo ya hau titi da babur sai ya yi horon tilas a hannun malamin da hukuma ta yarda da shi, kuma tsayawar gaggawa na cikin abin da ake koya masa. A nan akwai doka, akwai lasin mai aji A wanda na masu babur ne, akwai hukumar kiyaye haɗurra tun 1988, wadda Farfesa Wole Soyinka ya fara shugabanta. Abin da babu a gari irin Doma shi ne fili guda da mutum guda wanda aikinsa ne ya ja layi da gawayi. Makarantun koyon tuƙi na mota ne, alhali a ƙauyukan wannan ƙaramar hukuma babur ne motar asibiti, shi ne motar amarya, shi ne ke fito da doya bakin titi. Ƙungiyoyin 'yan acaɓa da ke karɓar kuɗin tikiti kowace safiya, da za su ware Asabar ɗaya a wata su tara sababbin shiga a filin makaranta, da sun rage wa masu ɗori aiki. Malam ya kai wa tsohon ɗalibinsa wannan magana, har ya ja shi wurin duwatsun. Yaron ya gwada, ya ga bambanci, ya ce lalle Malam ya yi gaskiya. Washegari aka gan shi a tasha, yatsunsa huɗu a kan totur kamar da.

Damina ta sauka a watan Afrilu, turbar makaranta ta koma abin da aka sani. Malam ya faɗi sau biyu a taɓo, duka a hankali, duka shi kaɗai, ya tashe babur ɗinsa da kansa ya ci gaba. Ya koyi duba baƙin mai kowace Asabar, da shafa wa sarƙa mai, da ɗaure takardun jarrabawa cikin leda a ƙarƙashin riga. Ya je Lafiya ya yi lasin, ya fi shan wuya a layi bisa ga gwaji. Rancen akuya ya biya ɗaya, saura ɗaya. Babban ɗansa mai shekara goma sha huɗu ya fara shafa tanki yana tambayar ina ake ajiye makulli, makullin kuwa ya koma kwana a aljihun wandon da Malam ke matashi da shi.

Uwargida ce ta ƙi hawa har wata shida. Ta ce ita da ta ga gwiwar nan ba za ta ba da tata ba. Sai ranar sunan 'yar ƙanwarta a wata unguwa can ƙarshen gari, bayan fadar Andoma, ta fito ta yi ado ta tsaya neman ɗan acaɓa, ba ko ɗaya, duk sun tafi kasuwa. Ta dubi babur, ta dubi mai shi, ta tattara zane ta zauna a karkace, hannu ɗaya riƙe da kwanon tuwo, ɗaya damƙe da kafaɗarsa. Suka bi ta gaban majalisa, mutanen da ke ce masa ɗan sama jannati suka ɗaga hannu, bai iya amsawa ba don ba ya sakin kan babur. Ba su yi nisa ba ta ranƙwafo ta ce, "Malam, rage gudu, ba gobara za mu kashe ba." A lokacin yana giya ta biyu, wani yaro a kan keke yana wuce su.